Jami'a Da Hannun Hukuma: Nasiha Ga Mutanen Ikara Da Maƙarfi Da Kudan

 Ina so in yi magana yau a kan wani al'amari wanda da yawa cikinmu su ke tsammani ba namu ba ne, watau sha'anin jami'a, da yadda hukuma ta ke juya ta.

Dalilin maganar kuwa shi ne, wani almajiri, ɗan manomin rake, mai haɗa karatun zaure da na boko, ya tsaya bayan an tashi daga darasi, ya ce mini, "Allah gafarta Malam, na ji masu neman ƙuri'a suna cewa in an zaɓe su za su kawo mana jami'a har garinmu. Shin wannan abin murna ne?" Na ce masa ya yi mini haƙuri in yi tunani. Da na yi tunanin, sai na ga amsar ta fi ƙarfin mutum ɗaya, gara in rubuta ta kowa ya ji, wanda ya ga kuskure ya gyara mini.

Ku sani, ya 'yan'uwa, jami'a ba ta fitowa da kanta kamar ciyawar damina. Misalinta kamar lambun rani ne, hukuma kuwa ita ce mai riƙe da bakin ruwa. Ita ke faɗin inda za a kafa ta, ita ke faɗin wanda zai shiga, da kuɗin da zai biya, da albashin wanda zai koyar da shi, har da irin ilmin da za a fi ba ƙarfi. In ta saki ruwa kullum a kan ƙa'ida, lambu ya yi kyau. In ta saki yau ta toshe gobe, ko ta yi ta faɗaɗa lambu alhali ruwan bai ƙaru ba, to, kowa ya san abin da zai biyo baya. Ba manomin tumatir da zai buƙaci a yi masa sharhin wannan.

Wannan kuwa ba sabon abu ba ne, malamai sun san shi a tarihi. Makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, wadda Imamu Gazali ya koyar a cikinta tun daga 1091, waziri ne ya gina ta, watau Nizamul Mulki, shi ya yi mata waƙafi, shi ke zaɓen malamanta. Tambutu kuma ta yi suna da malamai a zamanin sarakunan Askiya, amma da rundunar Maroko ta ci ƙasar a 1591, ba a daɗe ba aka kama manyan malamanta, aka tafi da Shehu Ahmad Baba Marrakush a 1594. Azhar ta Masar ma, wadda ta shekara ɗaruruwa a kan fannonin addini da Larabci, doka guda ce ta 1961, a zamanin Jamal Abdunnasir, ta shigar mata da likitanci da injiniya da noma. Ku duba, hannun mai mulki ya gina a Bagadaza, ya rushe a Tambutu, ya sauya kama a Alƙahira. Saboda haka kada wani ya ce mini sha'anin hukuma da makaranta maganar 'yan boko ce kaɗai.

To, bari mu dawo gida. Turawa sun buɗe kwalejin jami'a ta farko a Nijeriya a Ibadan a 1948, 'yan Arewa da su ka shige ta kuwa kaɗan ne ƙwarai, gama makarantun da ke kai yaro ƙofarta ba su da yawa a wajenmu. Da aka kusa samun mulkin kai, aka naɗa kwamiti a ƙarƙashin wani Bature mai suna Ashby, ya ba da rahotonsa a 1960, ya ce lalle a ƙara jami'o'i, a sa ɗaya a Arewa. Gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna ta tashi tsaye, aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ran 4 ga Oktoba 1962.

Abin lura a nan, gwamnatin ta san abin da ta ke nema. Tana neman ma'aikatan ofis da alƙalai da malaman gona da likitocin mutane da na dabbobi, waɗanda za su karɓi aiki daga hannun Turawa. Don haka ba ta fara da fili fetal ba, sai ta tattara abin da ke akwai: kwalejin fasaha da kimiyya ta Zariya, da gidan binciken noma na Samaru wanda ya ke aiki tun shekarun 1920, da makarantar koyon mulki ta Kongo, da kwalejin Kano wadda ta zama Jami'ar Bayero a 1977. Da Dokta Ishaya Audu ya zama shugabanta a 1966, aka ga yaran Arewa masu isa ƙofa ba su da yawa, sai a zamaninsa aka buɗe makarantar share fage a cikin jami'ar, ana gyara yaro kafin ya shiga karatun digiri. Dattawanmu da yawa na ƙasar Zazzau da su ka zama wani abu, ta wannan ƙofa su ka bi. Wannan shi ne misalin hukuma in ta san niyyarta, ta kuma bi ta da kuɗi da haƙuri.

Sa'an nan kuɗin mai ya zo. A 1975 gwamnatin soja ta karɓe jami'o'in jihohi, har da ta Zariya, su ka koma hannun tarayya, ta kuma kafa sababbi 7 a lokaci guda, cikinsu har da na Sakkwato da Maiduguri da Jos. An ɗauke wa ɗalibai kuɗin koyarwa, a 1978 kuma aka kafa hukumar JAMB, ta zama ita ce ƙofa guda ga kowa. A wannan shekarar ce aka ƙara kuɗin abincin ɗalibai, rigima ta tashi, har aka rasa rayuka a Legas da Samaru. Da farashin mai ya faɗi, gwamnatin Janar Babangida ta shiga tsuke bakin aljihu a 1986, darajar naira ta zube, littafi da kayan ɗakin gwaji da a ke sayowa daga waje su ka gagara, albashin malami ya zama ba ya kai shi ƙarshen wata, ƙwararru da yawa su ka tattara su ka tafi wasu ƙasashe. Har ta kai a 1995 gwamnatin Janar Abacha ta ɗora soja, Janar Mamman Kontagora, a kan jami'ar Zariya, ya riƙe ta har 1998. Ginin bai motsa daga Samaru ba, sunan bai sauya ba, amma duk wanda ya yi karatu a can a 1972 da wanda ya yi a 1996 in su ka zauna hira, sai ka ce ba makaranta ɗaya su ke zance ba.

Ban ce duk abin da hukuma ta yi ɓarna ce ba, a'a, gaskiya ɗaya ce. Bayan yajin aikin malaman jami'a na 1992, aka yi doka a 1993 wadda ta sa wa kamfanoni harajin ilmi, kashi 2 cikin 100 na ribarsu, asusun da ya koma TETFund a 2011. Yawancin sababbin gine-ginen da ku ke gani a manyan makarantun gwamnati daga nan su ka fito, da kuɗin aika malamai ƙaro karatu. Amma wannan asusu ba ya biyan albashi. Shi ya sa za ka ga ɗakin karatu sabo ful da fenti, ƙofarsa a kulle, malamai suna gida. A 2020 sun yi wajen wata 9 ba aiki, a 2022 kuma wata 8, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ku lissafa wa ɗan talaka wannan: kuɗin haya yana tafiya, shekaru suna tafiya, yarinyar da mahaifinta ya yarda ta yi shekara 4 ta ga ta shiga ta 6, maganar aure ta taso, karatu ya tsaya.

Haka al'amarin ya ke a jiharmu. Jami'ar Jihar Kaduna an kafa ta a 2004, a zamanin Gwamna Ahmed Muhammad Maƙarfi, ɗan ƙasar nan tamu, aka sa ta a Kaduna da Kafanchan, ta buɗe wa dubban yara ƙofa waɗanda Zariya ba ta iya ɗauka ba. A 2021, zamanin Gwamna Nasiru el-Rufa'i, aka ninka kuɗin makarantar sau da yawa, har mafi ƙanƙanta ya zama naira 150,000, bisa hujjar cewa jami'a ba ta tafiya da ɗan abin da a ke biya. A 2023 Gwamna Uba Sani ya rage kashi 30 cikin 100, ya koma naira 105,000, ragin kuma ya haɗa da kwalejin kiwon lafiya ta Shehu Idris da ke Maƙarfi, da Kwalejin Nuhu Bamalli ta Zariya. Ba na shiga tsakanin gwamnoni, kowa da hujjarsa. Abin da na ke so ku gani shi ne, cikin shekara 3 kacal alƙalami ya hau ya sauka, manomi kuwa ba da alƙalami ya ke lissafi ba, da buhu ya ke yi. Wanda ya sa ɗansa makaranta bisa ƙiyasin buhu kaza a shekara, ya wayi gari an ce masa ninki kaza, ina zai sa kansa? Mai kuɗi ba ruwansa, tun 1999 aka ba masu zaman kansu izinin buɗe jami'a, sai ya kai nasa can. Hawa da saukar ƙa'ida a kan talaka ta ke ƙarewa.

Yanzu bari mu leƙa ƙasashen da arzikinsu ya haɓaka da sauri, mu ga yadda su ka yi. Ƙasar Sin ta taɓa rufe jami'o'inta a hargitsin da ya fara a 1966, ba ta maido da jarrabawar shiga ba sai 1977, ta ɗanɗana asarar da ke cikin wannan. Daga baya sai ta bi hanya biyu. A 1995 da 1998 ta ware wasu jami'o'i ƙididdigaggu, ta yi ta zuba musu kuɗi shekara da shekaru ba fashi, sa'an nan a 1999 ta buɗe ƙofa ta ƙara yawan masu shiga ƙwarai. Koriya ta Kudu kuma, tun tana matalauciya, ta kafa babbar makarantar kimiyya a 1971 da doka ta musamman, ta kira 'ya'yanta masana da ke Amurka su dawo, ta ba su albashin da zai riƙe su, ta ɗaura karatun da masana'antun da ta ke son ginawa. Su ma suna da nasu ciwon, gama a ƙasashen biyu akwai masu digiri da ke yawon neman aiki, da yara da jarrabawa ta hana barci. Amma darasin da na ɗauka shi ne, sun san abin da su ke so makarantar ta haifar, sun kuma daure a kansa ko da shugabanni sun sauya.

Mu kuwa, mun fi ƙarfi wajen yawan suna. A 2011 kaɗai an kafa jami'o'in tarayya 9, aka ƙara 3 a 2013, 'yan majalisa kuma kowa na kai ƙudurin a yi wa mazaɓarsa tata. Har ita gwamnatin tarayya da kanta ta gaji, a Agustan 2025 ta ce ta dakatar da kafa sababbin manyan makarantunta har shekara 7, gama akwai waɗanda aka buɗe ba ɗalibai isassu, ba malamai isassu. Hausawa na kiran irin wannan haihuwar guzuma, ɗa kwance uwa kwance.

To, ga amsata ga almajirina, da ku duka. In mai neman ƙuri'a ya zo ya ce zai kawo mana jami'a, mu yi masa godiya, mu ce masa Zariya ba ta yi mana nisa ba, mutumin Hunkuyi na iya zuwa Samaru da safe ya komo kafin azahar. Allon suna a bakin titi ba shi ne matsalarmu ba. Abu 3 mu ke nema, mu kuma riƙe shi da su.

Na farko, a gyara hanyar da ke kai yaro ƙofar. Ƙa'idar jami'o'in tarayya ita ce kashi 45 cikin 100 na gurabe bisa cancanta, kashi 35 ga yankin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilmin boko. Ashe doka ta ajiye mana rabo. Amma ƙa'ida ta kuma fifita kimiyya, kashi 60 bisa 40, tun 2015 kuma da kwamfuta a ke rubuta jarrabawar shiga. Yaron da makarantarsa ta ƙauye ba malamin lissafi, ba ɗakin gwaji, bai taɓa ɗora yatsa a kan kwamfuta ba sai ranar jarrabawa, me rabon nan zai amfana masa? Ba a fafe gora ranar tafiya. Malamin lissafi ƙwararre guda a kowace sakandare ta Ikara da Kudan ya fi mana harsashin ginin da ba a san ranar gamawarsa ba.

Na biyu, a tsayar da ƙa'idar kuɗi, ta kowane ɓangare. In za a ƙara kuɗin makaranta, a faɗa tun da wuri, a yi shi kaɗan kaɗan, kada ya faɗa kan wanda ya riga ya yi nisa a karatu. In hukuma ta sa hannu a yarjejeniya da malamai, ta cika, kada a jira sai sun rufe aji. Tun 2024 gwamnatin tarayya ta fara ba ɗalibai rance ba ruwa a kansa, wanda a ke fara biya shekara 2 bayan hidimar ƙasa. Wannan sauƙi ne, ya kamata iyaye su san da shi. Amma bashi bashi ne, ba ya kuma maye gurbin tallafin karatu ga marayu da 'ya'yan marasa hali, wanda ya ke haƙƙi ne a kan jiha da ƙananan hukumomi.

Na uku, ilmin ya sauko gona. Masanan Samaru sun fitar da irin masara da dawa da gyaɗa da wake da auduga waɗanda manoma ke shukawa a duk Arewa, wannan kuwa amfanin kuɗin da aka zuba ne tun da daɗewa. Amma ku tuna 2016, da tsutsar nan da manoma su ka sa wa suna sharon ta cinye tumatir, har gwamnatin jiha ta ce abin ya zama annoba. Ku tuna kamfanin tumatir na Ikara, wanda aka kafa a 1981, ya yi shekaru a rufe, alhali kwanduna na ruɓewa a bakin hanya lokacin kaka. Ku dubi masu mazarƙwaila na Maƙarfi da Kudan, da itacen da su ke ƙonawa kafin ruwan rake ya daskare. Kowane ɗaya cikin waɗannan tambaya ce da masani zai iya zama a kanta. Amma malamin jami'a yana bin abin da a ke ƙara masa girma da shi ne. In ƙa'ida ta ce ba a duban komai sai takardar da ya buga a mujallar da manomi ba zai taɓa gani ba, can zai sa ƙarfinsa, ba laifinsa ba ne. In ta ce za a lissafa masa maganin da ya kai gona, ta kuma ba malaman gona abin hawa da mai, za mu gan su a fadamunmu. Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, mai kiɗan kuwa hukuma ce.

Saura magana tsakaninmu, mu malaman zaure da na Islamiyya. Wasu cikinmu sun ɗauki jami'a gidan wasu ne, sai mu ka bar zancenta ga 'yan siyasa. Alhali hukumar jarrabawar Arabiyya, wadda ta daɗe a ƙarƙashin jami'ar Zariya, majalisar ilmi ta ƙasa ta amince da takardarta a 2011, ta zama hanyar da almajiranmu ke bi su nemi digiri. Ku ga yadda shawara guda a ɗakin taro ta buɗe wa 'ya'yanmu ƙofa, shawara guda kuma na iya rufe ta in mun yi barci. Mu ne mutane ke tambaya a masallaci da wurin suna da ɗaurin aure. Ya wajaba mu san wace doka aka yi, wa ya yi ta, me ta jawo, domin in ɗan majalisa ya zo gaisuwa mu tambaye shi da ilmi, cikin ladabi, ba da zagi ba, ba kuma da roƙon abin aljihu ba. Wanda ya karɓi na goro bakinsa ya mutu. Mu kuma ƙarfafa wa iyaye su bar 'yan mata su kai ga makarantar kiwon lafiya ta Maƙarfi da abin da ke gaba da ita, gama ba mai son ya kai iyalinsa asibiti ya tarar ba mace ko ɗaya da za ta duba ta.

Ga almajirai kuma na ce, kada sauyin hukuma ya karya muku zuciya. Ku riƙe allonku, ku riƙe lissafinku, ku koyi sana'a a hannu, ranar da aka rufe aji ku koma zaure da gona, kada ku zauna a bakin titi. Waɗanda za su rubuta ƙa'idar gobe suna cikinku, in kun kai can ku tuna da buhun mahaifanku.

Wanda ya ke da hujjar da ta saɓa wa tawa, ya rubuto, za mu sa ta a wannan takarda kowa ya karanta. Allah Ya ba shugabanninmu mashawarta na gari, Ya amfanar da 'ya'yanmu da abin da su ke koyo. Haza wassalam.